Baƙon Shekara Ɗari: Ra'ayin Riƙau Da Makantar Gwamnati A Unguwannin Hausawan Fatakwal, Anacha Da Inugu

Akwai wata muhawara da masana siyasa suka daɗe suna tafkawa, wadda takan faɗo cikin zaurukanmu jefi-jefi, musamman idan zaɓe ya ƙarato a Amurka ko Ingila: shin ra'ayin riƙau, wato aƙidar 'yan mazan jiya masu tsoron sauyin gaggawa, yana hana gwamnati yin aikinta? A waɗancan ƙasashe gardamar ta fi karkata ga haraji da girman gwamnati. Tun ranar da Ronald Reagan ya sha rantsuwar kama mulki a 1981, ya shaida wa Amurkawa cewa gwamnati ita ce matsalarsu, masu sukarsa suke cewa wanda bai yarda gwamnati tana da amfani ba, in ka damƙa masa ita, da hannunsa zai gaskata zarginsa. Mu a nan gida ba mu da irin wannan damuwa. Da wuya ka ji ɗan siyasar Nijeriya ya hau mumbari yana neman a rage wa gwamnati ƙarfi. Kowa so yake ta ƙara faɗi, muddin shi ke riƙe da akalarta.

Namu ra'ayin riƙau yana da wata kama dabam, kuma bai san jam'iyya ba. Shi ne aƙidar asali, wadda ke cewa mutum ba ya hulɗa da hukuma da sunansa da adireshinsa, sai ta hanyar garin kakansa da sarkin ƙabilarsa. Inda duk na duba a ƙasar nan, ban ga wurin da illar wannan aƙida ta fito fili ba kamar unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu. A can ne za ka ga gwamnatin da ke karɓar kuɗin rumfa daga hannun mutum kullum safiya, amma ba ta san sunansa ba, ba ta san inda yake kwana ba, ba ta kuma ga dalilin da zai sa ta sani ba.

Kafin in shiga wannan, adalci ne a ba 'yan mazan jiya haƙƙinsu. Tarihi bai nuna cewa duk mai riƙo da tsohon tsari ya gaza wajen mulki ba. Bismarck na Jamus, wanda babu mai kiran sa ɗan sauyi, shi ya kafa inshorar lafiyar ma'aikata a 1883, ya biyo da fanshon tsofaffi a 1889. Sardauna Ahmadu Bello, wanda 'yan NEPU suka ɗauka a matsayin jigon tsohon tsarin En'e, shi ya bar mana jami'ar Zariya a 1962 da wasu cibiyoyin da har yau muke cin moriyarsu. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe, kuma wanda ya taɓa zama a kasuwar kara ta Ugwuoba, kan hanyar Inugu zuwa Anacha, ko ta Amansea da ke kusa da Awka, ya san wannan magana ba tatsuniya ba ce.

Dubi yadda cinikin shanu ke tafiya. Falke ya loda tirela daga Potiskum ko Maigatari ko Illela, ya yi kwanaki a hanya, ya sauka a garin da bai jin harshen mutanensa. Maigidansa ne zai saukar da shi, ya ba shi makwanci da abinci, ya haɗa shi da dillali. Mahauci ya zo ya ɗauki sa bashi, ba takarda, ba lauya, ba banki, domin maigida ya tsaya masa. In ya ƙi biya, maigidan ne zai biya daga aljihunsa, shi kuwa mahaucin ya rufe wa kansa ƙofar kara. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi guda a 1969 kan yadda wannan tsari ke aiki a Sabon Ibadan, kuma abin da ya gani a can shi ne ginshiƙin cinikin har gobe a duk inda Bahaushe ya kafa zango a kurmi. Dukiya mai ɗimbin yawa tana canja hannu a kan kalmar baki. Idan aka yi rashi, jama'a ce ke yin sutura. Idan aka yi rigima, gaban dattawa ake zuwa. Idan baƙo ya yi ciwo, a masallaci ake yi masa karo-karo. Babu ma'aikatar gwamnati a jihohin nan uku da za ta bugi ƙirji ta ce ta riƙe amanar Bahaushen zango kamar yadda wannan tsohon tsari ya riƙe ta. Saboda haka duk wanda ya zo da zancen a rushe shi da sunan zamani, ni ba na tare da shi.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da gwamnati ta ga wannan tsari yana aiki, sai ta ɗauke shi a matsayin uzurin janye jikinta.

Ya kamata mu tuna cewa Fatakwal da Inugu garuruwa ne na jiya-jiya. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, Turawa suka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal a 1913 domin fitar da shi, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916, sannan gadar Makurɗi ta 1932 ta ƙarasa ɗinke layin da Arewa. In ka ɗebe ƙauyukan da aka tarar a wurin, kusan duk wanda ya cika waɗannan birane daga wani wuri ya zo. Bahaushe ma bai makara ba. Binciken Farfesa Egodi Uchendu ta jami'ar Nsukka, a littafinta na 2011 kan tarihin Musulunci a gabashin Nijeriya, ya bi sawun maharban giwa Hausawa da suka zauna a Elele, cikin jihar Ribas ta yanzu, tun ƙarshen ƙarni na 19, kafin a aza harsashin Fatakwal. Anacha kuwa tsohuwar kasuwar bakin Kwara ce, kuma sunan titin Bida da babban masallacinta yake a kai ya isa shaida cewa Nufawa da Hausawa sun daɗe suna saukowa ta kogi. Wato akwai gidaje a waɗannan wurare da jika ya haifi jika a cikinsu, amma har yau sunansu baƙi.

Ba haka abin yake ba tun fil azal. Lokacin da Inugu ta samu matsayin birni mai cin gashin kansa a 1956, wanda ya zama Magajin Garinta na farko shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, wanda ya yi siyasarsa a jam'iyyar NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe. A shekarar nan ce kuma Fatakwal ta samu nata Magajin Gari na farko, Richard Nzimiro, mutumin Oguta. Shi kansa Azikiwe a Zungeru aka haife shi, haka ma Ojukwu. Ba ina cewa wancan zamani aljanna ba ne. Ƙabilanci yana nan, kuma manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati da Sardauna ya riƙe da ƙarfi daga wannan rijiya ta sha ruwa. Amma dai an yi lokacin da mazauna birni suka dubi mutum da aikinsa suka ba shi ragamar garinsu, ba su tambaye shi takardar ƙauyen kakansa ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Kashe-kashen 1966 da aka yi wa Ibo a biranen Arewa, korar waɗanda ba 'yan yankin ba daga Gabas a ƙarshen wannan shekara, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sai kuma yanka ƙasa jiha-jiha, kowace sabuwar jiha ta wayi gari da sababbin baƙi. Tsarin raba-daidai ya shiga kundin tsarin mulki a 1979 da kyakkyawar niyya, amma ya zo da ɗan rakiya: takardar shaidar asali. Daga nan gurbin karatu da tallafin ɗalibai da aikin gwamnati duk suka rataya a kan wannan takarda, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa bisa garin uba. Kundin 1999 ya gaji wannan tufka da warwara. Sashe na 41 ya ba kowa 'yancin zama a inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda asali, sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida a ko'ina, sashe na 15 ma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin mazauni a duk faɗin tarayya. Sai ga sashe na 147 yana cewa dole ministan da zai wakilci jiha ya zama ɗan asalinta. Da hannun dama aka bayar, da na hagu aka karɓe.

To, yaya ake mulkin mutumin da doka ta ce ɗan ƙasa ne, al'ada kuma ta ce raɓa ne? Ana mulkinsa ta hannun Sarkin Hausawa. Gwamna yana son isar da saƙo, a kira Sarki. An yi sata a kasuwa, baturen 'yan sanda ya aika wa Sarki. Zaɓe ya zo, a kai wa Sarki buhunan shinkafa, a naɗa wani ɗan unguwa mai ba da shawara kan harkokin baƙi, a ɗauki hoto. Wannan shi ne mulkin Lugga ta hannun sarakuna, an sake masa riga kawai. Abin mamaki, yankin Gabas shi ne ya fi kowane yanki nuna wa Turawa cewa wannan tsari ba ya aiki: boren matan Aba na 1929 a kan sarakunan da Bature ya naɗa da takarda aka yi shi. Abin da kakanni suka ƙi a kansu, shi jikoki ke yi wa maƙwabtansu.

Kada a ɗauka ina zargin masu riƙe da waɗannan sarautu. Da yawansu dattawa ne da suka sha kwana a ofishin 'yan sanda suna belin yaran da ba su san iyayensu ba, suka kuma sha kashe wutar da in ta tashi sai ta ci gari. Amma a dubi abin da aka ɗora musu. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka zare hannun sarakuna daga zartar da mulki, kundin 1999 kuwa bai ba su wani aiki ba. Sarkin Hausawa ba shi da kasafin kuɗi, ba shi da ɗan sanda, ba shi da rajista, ba shi da kotu. Sannan kalmar “Hausa” a bakin mutumin Gabas ta haɗa Bafulatani da Babarbare da Banufe da Bazabarme da Buzu, har da Kiristan kudancin Kaduna da na Filato, matuƙar daga Arewa ya zo. Mutum ɗaya, ba albashi ba ma'aikata, shi aka ce ya amsa laifin dukkan waɗannan.

A da, lokacin da kowane baƙo ke sauka a hannun maigida, ana iya cewa Sarki ya san mutanensa. Yanzu zamani ya sauya. Ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, da na Boko Haram a Arewa maso Gabas, sun tarwatsa ƙauyuka, matasa suna gangarowa kurmi a saman buhunan albasa da tsakanin ƙahonin shanu. Wannan ɗan acaɓa ne, wancan ɗan bola-jari, wancan mai yankan farce, wancan ɗan ga-ruwa. Suna kwana a kango da bakin shago da ƙarƙashin gada. Ba su da maigida, ba su taɓa taka zauren Sarki ba. Tsohon tsari bai gan su ba, gwamnati kuma ta riga ta sallama aikin gani ga tsohon tsari. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a ƙasar nan tun 2006 aka yi ta. Ka tambayi kowace daga cikin hukumomin biranen nan yara nawa ne 'yan shekarun makaranta a unguwar Hausawanta, ka ji abin da za a ce maka.

Kuma abin takaicin shi ne, duk rayuwar zango a hannun ƙaramar hukuma take. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya jera ayyukanta: kasuwanni, mayanka, tashoshin mota, maƙabartu, makewayin jama'a, kwashe shara, raɗa wa tituna suna da lambata gidaje, rajistar haihuwa da mutuwa. Kai ka ce mai rubutun yana zaune ne a kara yana kallon buƙatun mahauta da 'yan gwari. Amma majalisar da ke yanke shawara kan waɗannan abubuwa, da wuya ka samu kansila ɗaya a cikinta da ya fito daga zango. Mai karɓar haraji ya san hanyar unguwar sarai. Mai gyaran magudanar ruwa ne bai san ta ba.

Gwamnatin da ba ta gani, in ta tashi hukunci sai ta yi kan mai uwa da wabi. A 2021 gwamnatin Nyesom Wike ta rufe mayankar Trans-Amadi a Fatakwal, inda ɗimbin 'yan Arewa ke neman abinci, bisa hujjar cewa ta zama maɓoyar ɓata-gari. A 2023 Gwamna Alex Otti na Abiya ya ba da sanarwar an gano gawarwaki a kewayen kasuwar shanu ta Lokpanta, wadda ke kan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal, ya kuma ce daga yanzu kasuwar ta zama ta yini, kowa ya nemi wurin kwana a waje. Ba na musun cewa akwai miyagu a irin waɗannan wurare. Wanda ya musa haka bai yi wa kowa adalci ba, kuma mutanen yankin da aka sace wa 'yan uwa a kan wannan hanya suna da haƙƙin a kare su. Tambayata ita ce, ina hukuma take shekara da shekaru har wurin ya zama haka? Da akwai caji ofis mai aiki a ciki, da rumfuna masu lamba, da rajistar masu kwana, da an kama mai laifi da sunansa. Da yake babu, sai katafila ta yi aikin ɗan sandan ciki, mai gaskiya da ɓarawo su kwashi kayansu rana ɗaya. Ɓarawon ma shi ya fi saurin samun sabon wuri.

Wannan makanta ita ce kuma ke mayar da mazaunin zango garkuwa. A watan Fabrairun 2006, bayan rikicin da ya ɓarke a Maiduguri kan zanen ɓatanci na Denmak, inda aka kashe Kiristoci aka ƙona coci-coci, sai aka huce a kan 'yan Arewa a Anacha. Aka kashe mutane da dama, aka ƙona masallatai, waɗanda suka tsira suka fake a barikin soja ko suka tsallaka gada zuwa Asaba. Mai shayin Anacha bai san hanyar Denmak ba, wataƙila ma bai taɓa zuwa Maiduguri ba, amma tunda an lissafa shi a matsayin wakilin wata ƙabila, sai ya biya bashin da bai ci ba. A Oyigbo, bakin Fatakwal, cikin Oktoban 2020, an far wa 'yan Arewa a rikicin da ya biyo bayan zanga-zangar EndSARS, sannan sojoji suka shiga, Ibo mazauna garin su ma suka yi kukan an yi musu kuɗin goro. Sai kuma Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da suka taso daga Ribas za su Kano yin Sallah. 'Yan sintirin gari ne suka tare su, taron jama'a ya yanke hukunci. Bayan haka gwamnan Edo ya tafi Kano ta'aziyya, aka yi maganar diyya tsakanin gwamna da gwamna, tamkar sarakunan ƙasashe biyu na sulhu bayan yaƙi. Haka ma da ƙungiyar dillalan shanu da kayan abinci ta tsayar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, zaman sasanci da gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ne ya kawo ƙarshen abin. Kullum sulhu tsakanin al'umma da al'umma. Shari'ar wane da wane a gaban alƙali, ita ce ba mu cika jin ƙarshenta ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna da rabonmu a wannan riƙau, kuma ba ƙarami ba ne. Mutum ya shekara 30 a Fatakwal, a nan ya yi aure, a nan ya yi arziki, amma katin zaɓensa na mazaɓar ƙauyensu ne, in zaɓe ya zo sai ya rufe shago ya hau mota. Tsoron rikicin zaɓe yana cikin dalilan, na sani, amma sakamakon ɗaya ne: unguwar da ba ta da ƙuri'a ba ta da murya. Ya gina bene a gida wanda ba ya kwana a ciki sai da Sallah, ya bar iyalinsa a ɗakin kwano a bakin kwata. Yaran da aka haifa a Inugu, masu jin Ibo kamar 'yan gari, sau da yawa ba a kai su makarantar gwamnati da ke bayan layi ba, wai kada su lalace; su tashi ba takardar can, ba ta gida. Akwai kuma waɗanda wannan rufaffen tsari ya yi wa daɗi, domin duk abin da zai shigo unguwa ta hannunsu yake bi, shi ya sa rigimar wane ne Sarkin Hausawa na gaskiya takan fi rigimar rijiyar burtsatse zafi. Idan saurayi mai ilimi ya tashi ya ce a kafa ƙungiya mai rajista da littafin kuɗi da zaɓen shugabanni, sai a ce ba shi da kunya, yana son ya raina manya.

Kuma da wane baki za mu yi ƙorafi, alhali abin da ake yi mana a Anacha shi muke yi a Kano? Ibon da aka haifa a Sabon Gari, ubansa ma a nan aka haife shi, Eze Ndigbo ne ƙofarsa zuwa ga hukuma. A ranar 6 ga Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba; an janye daga baya, amma ba wanda ya kwana cikin fargaba a wancan lokaci kamar Bahaushen titin Owerri a Inugu. Aƙidar asali ba ta ma tsaya a kan baƙon nesa ba. Bayan yaƙin basasa, gidajen Ibo a Fatakwal aka kira dukiyar da aka yasar, da yawa ba su koma hannun masu su ba. A 2011 gwamnatin Theodore Orji ta Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, akasarinsu Ibo ne 'yan uwansu daga jihohin maƙwabta, ciki har da malaman makaranta da suka shekara suna koyar da 'ya'yan Abiya. Jihar da ta kori ƙwararren malami saboda ƙauyen kakansa, ta zaɓi asali a kan aiki da idonta biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan abu da muke riƙo da shi da sunan gado, ba gadonmu ba ne. Ka zaga cikin birnin Kano ka karanta sunayen unguwanni: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa na Larabawan Arewacin Afirka. Wangarawa tun zamanin Sarki Yaji suka zo. Duk waɗannan baƙi ne a jiya, yau kuwa su ne Kanawan ƙwaryar birni, an yi malamai da attajirai da masu sarauta a cikinsu. Birnin Hausa na dauri haɗiye baƙo yake yi, da haka ya ƙasaita. Bature ne ya zo a wajajen 1913 ya shata Sabon Gari a bayan ganuwa, ya ce baƙo ya zauna can, kada ya cuɗanya da talakawan Sarki. Wanda ke kare katangar asali a yau, shatin Lugga yake karewa, ko ya sani ko bai sani ba.

Wasu ƙasashen sun bi wannan hanya sun dawo. Jamus ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961, ta kira su baƙin ma'aikata, bisa zaton za su gama su koma. Gwamnatin Helmut Kohl ta 'yan mazan jiya ta dage cewa Jamus ba ƙasar 'yan ci-rani ba ce, har ta yi doka a 1983 ta biyan kuɗi ga mai son komawa gida. Akasari ba su koma ba. Aka wayi gari da yaran da aka haifa a Balin, ba su san wata ƙasa ba, amma dokar 1913 mai bin jini ta ce su baƙi ne. Sai a 2000 aka gyara dokar, bayan an yi asarar shekaru kusan 40 da ya kamata a ce an kashe su wajen koyar da harshe da shirya makarantu.

Na san abin da ɗan Ikwerre a Fatakwal ko ɗan asalin Anacha zai ce, kuma maganarsa abar saurare ce. Birni ya cinye gonakin kakanninsa, baƙi sun fi shi yawa a garinsa, yana tsoron ranar da za a mayar da shi ɗan kallo. Amma a raba abu biyu. Sarautar Obi na Anacha ta mutanen Anacha ce, kamar yadda sarautar Kano take ta gidan Dabo. Filin gado da wurin al'ada na masu su ne, babu mai hankalin da ke neman a taɓa su. Gurbin firamare, allurar rigakafi, lambar gida, kariyar ɗan sanda da kujerar kansila kuwa, da harajin mazauna ake yin su, kuma amfanin ɗan gari ne a ce hukuma ta san sunan mutumin da ke kwana a bayan katangarsa. Kwalara in ta ɓulla a kwata ba ta tambayar takardar asali kafin ta tsallaka titi.

Gyaran ba sai an jira Abuja ba. Sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya ce duk wanda ya cancanci zaɓe ko tsayawa takarar majalisar jiha, ya cancanci haka a ƙaramar hukuma, kuma sharuɗɗan takarar majalisar jiha ba su ambaci asali ba. Tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In hukuncin ya tabbata a aikace, kujerar kansila za ta yi nauyin da ba ta da shi a da. Hukumar zaɓe tana karɓar buƙatar sauya mazaɓa duk lokacin da ta buɗe rajista. Da Sarakunan Hausawan biranen nan za su sa ƙarfinsu a kan wannan kafin 2027, su haɗa kai da sauran mazauna unguwa, Ibo da Ibibiyo da Tibi da ke shan wahalar magudanar ruwa ɗaya da su, su tsayar da matashin da aka haifa a wurin, mai jin harshen gari, da sun yi wa jama'arsu abin da buhun shinkafar gwamna bai taɓa yi ba. Ƙungiyoyin kara da na 'yan gwari su ma su buɗe littafin sunayen masu sauka, su riƙe kwafi, su ba hukuma kwafi, kafin wani ya zo ya yi musu da bakin bindiga.

Gwamnonin Arewa kuwa, da sukan fitar da sanarwar Allah-wadai duk lokacin da aka taɓa ɗan Arewa a Kudu, akwai abin da ya fi sanarwa ƙarfi a hannunsu. Ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar asali, ita kuma dokar jiha ce ke tsara aikinta. Majalisar dokokin Kano ko ta Kaduna za ta iya zartar da cewa yaron da aka haifa a jihar, ya yi firamare da sakandare a cikinta, iyayensa suna biyan haraji a nan, yana da haƙƙin gurbin karatu da aikin jiha daidai da kowa. Ranar da aka yi haka a Fagge, gwamnan Kano zai iya ɗaga waya ya kira na Anambra ya nemi irinsa ga yaron titin Bida.